Masu Kallo Ma Abin Kallo Ne

A zamanin kaset da faifan sidi, fim ɗin Hausa na da mutunci: ya fara, ya ƙare. Kashi na ɗaya, kashi na biyu, in an matsa na uku. Mugu ya tuba ko ya haukace, a ɗaura aure, kowa ya kaɗe rigarsa ya tashi. Sai tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, ta biyo da Kwana Casa'in a 2019. A 2020, shekarar da kullen korona ya tsare mutane a gida, Aminu Saira ya saki Labarina, Lawan Ahmad ya saki Izzar So a tasharsa ta Bakori TV a YouTube. Daga nan fim ya daina ƙarewa. Yanzu tsakuro maka ake yi mako-mako, a yanke a daidai inda aka ɗaga hannu za a yi mari, a bar ka da hannun nan a sama har kwana bakwai. A cikin kwanakin nan ne jama'a ke fitar da halinsu. Ɗan wasa sai an biya shi yake kuka. Mai kallo kuwa da kuɗin datarsa da man janaretonsa yake nasa wasan, kuma a ganina sau da yawa ya fi na cikin akwatin iyawa.

Uwar tafiya ita ce Inna mai ba akwati umarni. Ba ta yarda da kujera ba. Tabarma take shimfiɗawa dab da talabijin, carbi a hannu, goro a kunci. Da yarinyar fim ta ɗauki kofi, Inna ta zabura: "Ke 'yar nan, ajiye! An barbaɗa magani a ciki, a gabana aka barbaɗa!" Yarinya ta kafa kai ta shanye. Inna ta tafa hannu ta yi salati: "Shi ke nan. Na faɗa miki, amma da yake kunnen ƙashi gare ki irin na uwarki..." Uwar da take nufi ta cikin fim ce, wadda suka daɗe ba sa ga-maciji. Kada ka ɗauka Inna ba ta san wasa ake yi ba. In jika ya ce, "Inna, ai fim ne," sai ta galla masa harara: "Na sani, ja'iri. Amma wasan ma ai da hali ake yin sa. Wanda ba mugu ba, ina zai samo irin wannan kallon?" Da wannan ƙa'ida ta yanke wa Rabi'u Rikadawa hukunci tun yana Baba Ɗan Audu a Labarina, kuma kotunta ba a ɗaukaka ƙara. Ko limami ya fito a wani fim, Inna cewa take a ƙirga takalman masallaci. Kamaye na Daɗin Kowa kuwa ɗanta ne, kullum tana roƙa masa buɗi, tana yi wa matarsa Adama faɗan ta riƙa sassauta harshe. Ranar da aka kashe Mahmud a Labarina ba ta ci tuwon kirki ba. Da ta ga Nuhu Abdullahi, wanda ya fito a matsayin Mahmud ɗin, a wani fim daga baya, garau da shi yana dariya, ba murna ta yi ba, haushi ta ji: "Au, ashe yana nan? Ya sa bayin Allah asarar hawaye."

Abokin gabar kowa a gidan shi ne mai tona labari. Yawanci saurayi ne mai data, ya riga kowa kallo a waya, ya dawo falo ya zauna yana murmushi shi kaɗai. Iri biyu ne. Akwai mai sauƙi, wanda sallamarsa da ɓarnarsa tare suke shigowa: "Salamu alaikum, kun zo wajen da aka kama shi?" Wannan a jefe shi da filo a huta. Ɗayan ne annoba, don shi gani yake yana da tarbiyya. "Wallahi ba zan faɗa muku komai ba," in ji shi, "amma dai ku riƙa lura da direban nan." Jim kaɗan: "Hmm. Ku dai kalli wayar da ta ajiye a kan tebur." In an daka masa tsawa ya kama bakinsa, sai ya koma tonawa da jiki: ya dafe kai kafin a yi hatsari, ya fara dariya kafin a yi barkwanci, ya tashi shan ruwa a duk inda ya san babu abin da zai faru, ta haka kowa ya san babu abin da zai faru.

Kawu mai tambaya shi kuma ya faɗo labarin ne a kashi na sittin da wani abu, yana so a biya masa karatun baya. "Wannan matar wa ce? To shi wancan ubanta ne ko mijinta? Ba wannan ce ta mutu rannan ba?" A ce masa, "Kawu, a wani fim ɗin ta mutu, wannan daban ne." Ya ce, "To me ya kawo ta nan?" A nan kam ba laifinsa ba ne shi kaɗai, don fuska ɗaya a Kannywood sai ta yi uwa ranar Juma'a ta yi kishiya ranar Lahadi. Sai dai Kawu bai taɓa jiran amsa ba. Ana cikin warware masa tambayar farko zai jefo ta uku. In ƙaddara ta haɗa shi da mai tona labari a falo ɗaya, a kashe talabijin kawai mai ya huta: ɗaya na tambaya, ɗaya na amsawa har da wuraren da ba a zo ba.

Sai maigida, wanda ba ya kallo. Ya sha faɗa: shirme ne, aikin mata da yara ne. Abin mamaki dai, duk daren da ake sa shirin majalisarsu kan watse da wuri, kuma a falo yake jin daɗin duba saƙonnin wayarsa, a kujerar da ta fi fuskantar akwatin. Kai a sunkuye, ido ta saman tabarau. Yakan daure har rabin shiri, sai wani a fim ya tafka wauta, baki ya suɓuce: "Kai, wannan yaro sakarai ne! Ai tun a zango na biyu ya kamata ya gane takardun nan na bogi ne." Falo ya yi tsit. Uwargida ta ce, "Alhaji, ashe ana bi?" Ya gyara murya: "Hayaniyarku ce ke shigar min kunne." Mutumin da kullum ke kukan tsadar mai, ranar da aka ɗauke wuta saura minti biyar a fara sai ka gan shi da fitilar waya a baki yana jan igiyar janareto, wai don kada kayan firji su lalace. Firjin kuwa ban da ruwa babu komai a ciki.

Ɗan'uwansa na jini shi ne Malam Na-daina-kallo. Wannan ya yi murabus a bainar jama'a, har yana da ranar da yake kafa tarihi da ita. Wani ya daina tun da aka kashe Mahmud. Wani tun da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya. Ya rantse idonsa ba zai karɓi wata Sumayyar ba. Wani tun da aka ajiye tsohon labarin aka ɗauko na Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya hau. Wani kuwa duk sau ukun ya daina. Ka same shi wajen mai shayi ranar Asabar da safe yana kora bayani: "Ni fa na daina kallon abin nan, sun lalata shi. Ka duba jiya, minti nawa aka ɗauka ana gaisawa? Sannan mota ta zo, maigadi ya buɗe get, ya rufe get, duk sai da aka nuna mana." Ka ce, "Malam, ai ka ce ka daina." Ya ce, "Leƙawa na yi in ga ko sun gyara." Ƙorafin nasa na da tushe. Shirin da ke cin abinci daga talla da yawan masu kallo ba shi da dalilin gaggawa. Kowane mako da aka ƙara kuɗi ne, don haka labarin da zai iya ƙarewa a kashi ashirin sai a yi ta jan sa kamar alewa a hannun mai haɗa ta. Amma wanda ke zaune yana ƙirga mintunan gaisuwa shi ne ainihin abokin cinikin da ake nema, don lissafin YouTube bai san mai kallo don so da mai kallo don haushi ba.

Akwai kuma daraktan da ba a ɗauka aiki ba. Bai taɓa riƙe kyamara ba sai ta waya, amma babu abin da ke wuce shi. "Ka ga agogon bangon can? Da ta shigo ƙarfe huɗu ne, yanzu ƙarfe biyu." "An ce talaka ne, dubi wayar hannunsa." "Daga barci ta tashi, da jan-baki da gazal?" In ma'aikacin asibiti ne, kada ka zauna kusa da shi ranar da aka kwantar da wani: zai nuna maka ƙarin ruwan ba ya ɗiga, kuma mara lafiya ya farfaɗo daga suman wata uku da gemu a gyare. Rabin abin da yake faɗa gaskiya ne. Amma shi ɗin dai ne zai ga jarumin Indiya ya watsar da ƙarti ashirin da hannu ɗaya tabarau bai motsa ba, ya jinjina kai ya ce, "Ka ga aiki."

Kwana Casa'in ya haifi nasa nau'in, wato mai fassara. Masu shirin sun ƙirƙiri jiha suka raɗa mata Alfawa don kada wani ya ce da shi ake, amma a banza. Mai fassara ya san wace jiha ce. Ya san Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, wane gwamna ne. Ya san Malam Adamu na Ado Ahmad Gidan Dabino da wa ake nufi. "Kai ba ka lura da hular ba? Dubi yadda yake karya ta!" A majalisa ɗaya sai ka samu masu fassara biyu daga jam'iyyu biyu, kowanne ya haƙiƙance azzalumin cikin shirin na ɗayan ne, mutumin kirkin kuwa nasu ne. Daga Kano har Sakkwato har Bauchi, kowa ya gane gwamnan wasu a fuskar Bawa Maikada. Nasa gwamnan kuwa ba ya gane shi sai bayan ya sauka, ko a watan da albashi ya makara.

Masu ɗaura aure sun fi kowa zafi. Sun raba gari biyu tun ana takarar Sumayya tsakanin Mahmud da Presdo a Labarina, suka sake rabawa a kan Jamila da Maryam a zamanin Mainasara. Wajen kitso, ɗakin kwanan ɗalibai, gidan suna, bayan A-daidaita-sahu, ana iya ɓatawa ta gaske. Ka kasa kunne da kyau za ka ji ba fim ake tattaunawa ba. Wadda ke cewa "ai wadda ta so shi yana talaka ita ta cancanta" tana da wanda ta yi wa haƙuri, ya samu ya yi gaba. Wanda ke cewa "mata duk kuɗi suke bi" an taɓa ajiye shi saboda mai mota. Uwargida na bayan uwargidan fim ko da guba ta zuba. Amarya na ganin amaryar fim baiwar Allah ce da aka tsana saboda kyau. A gidan da mata biyu ke kallo a falo ɗaya, duk maganar da aka yi wa akwatin ba akwatin aka yi wa ba. "Oh ni, wasu matan dai ba sa tsoron Allah," in ji ɗaya, idonta a kan talabijin. "Wallahi kuwa, Yaya," in ji ɗayar, "musamman masu fuska biyu." Maigida, wanda ba ya kallo, ya ƙara sunkuyar da kai. Labarin Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya zama talaka don ya gane mai son sa tsakani da Allah, ya jawo wata fitinar ta daban: samarin da ba su ajiye ko sisi ba suka sauya taku, suna zuwa zance da silifa da wani irin murmushi, suna barin 'yan mata su yi zaton gwaji ne.

Sai mai kallo don gyaran tarbiyya. Shi ba don nishaɗi yake kallo ba, Allah ya kiyaye. Bibiya yake don ya san irin ɓarnar da ake koya wa yara. Aikin na da nauyi, shi ya sa ba ya tsallake ko kashi ɗaya, wani wurin ma sai ya maido baya don ya tabbatar da girman ɓarnar. A watan Mayun 2025, da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da shirye-shirye 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kai mata su ta tace kafin a saki ba, shi ya fi kowa jinjina: "Alhamdu lillahi, an daɗe ana jira." Da yamma kuma shi ya fara tambaya ƙasa-ƙasa: "Wai na wannan makon ma ba za su saka ba?" Inda ƙwarewarsa ke fitowa shi ne lokacin Big Brother Naija, shirin nan da ake tara samari da 'yan mata a gida ɗaya na tsawon makonni ana haska su dare da rana, jama'a na jefa ƙuri'a, ana korar wasu duk mako. Tun da shirin ya dawo a 2017 yake masa Allah wadai, kuma ba za ka ga laifinsa ba, don abin ya yi hannun riga da al'adarmu. Sai dai Allah wadan nasa na zuwa da cikakken bayani. Ya san Laycon ne ya ci a 2020, Whitemoney a 2021. Ya san wa ya yi faɗa da wa a kan abinci, ya san wadda aka kora bisa zalunci. "Malam, a ina ka ga duk wannan?" "Turo min ake yi." Har yau ba a kama mai turowar ba. In gardama ta yi zafi ma yakan tuna wa jama'a cewa Katung Aduwak, wanda ya fara cin gasar a 2006, ɗan jihar Kaduna ne, da wani ɗan alfahari a muryarsa da bai san ya fito ba.

Anti mai kallon kaya ba ruwanta da labari. An kawo gawa, falo ya kaure da kuka, ita kuwa: "Tsaya, tsaya, maido baya in ga hannun rigar nan." Ta ɗauki hoto, gobe yana wajen tela. Hajiya Nafisa ta Izzar So, wadda Aisha Najamu ta fito a matsayinta, a wajen Anti sunanta "mai ɗaurin nan". Abin da ya haɗa Hajiyar da Umar Hashim na cikin shirin kuwa a tambayi wasu. Kujeru, labule, kwanukan abinci duk ta haddace, kuma in an tashi aurar da ƙanwarta kafinta ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Baba na zaune ne a gefe don ya tuna muku an yi wasa a ƙasar nan kafin a haife ku: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi a Kaduna, Ƙasimu Yero a Karambana, Karkuzu na Bodara a Jos, ga Kuliya Manta Sabo. "Su ba hoda, ba jirgin ɗaukar hoto daga sama, amma magana ɗaya za su yi ka kwana kana dariya." Bai yi ƙarya ba. Ya dai manta a lokacin nasa ma akwai wani Baban a zaure yana cewa akwatin nan zai raba yara da makarantar dare. Amma a sa Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, 'ya'yan tsohon attajirin nan su fara ƙulle-ƙullen yadda za su raba shi da kuɗinsa, za ka ga kafaɗar Baba na rawa. Ka waiwaya, ya haɗe rai: "Tari ne."

Wasu kuma sun yi hijira ba su bar falo ba. Wata ta koma Indiya ta hanyar Zee World, ta yi shekara da shekaru tana jiran Abhi da Pragya na Twist of Fate su zauna lafiya, tana tsine wa Tanu. A can mutum ya mutu a yi makokinsa ya dawo, ba ta ce uffan, amma ta raina fim ɗin Hausa wai ba ya kama hankali. Wani ya koma Turkiyya wajen Ertugrul. Tun daga nan yake gaisawa da dafe ƙirji, in mai shayi ya rage masa madara ya dube shi da zargin cin amanar ƙabila.

Wanda ya fi ɗaure min kai dai shi ne Yaya mai rimot. Babu wanda ya kai shi ɗokin shirin. Tun la'asar yake tuni, shi ya aika a sayo mai, shi ya kori yara daga doguwar kujera, shi ya kafa dokar kada wanda ya yi ko tari. Kafin a gama tallan farko kai ya langaɓe, baki ya buɗe, rimot na ƙirji an rungume da hannu biyu. Munsharinsa ya danne muryar 'yan wasa, kuma babu mai iya ƙara sauti tunda rimot ɗin na wajensa. Ƙanwarsa ta lallaɓa za ta zare, ya damƙe, ido a rufe: "Ina kallo." Sai an fara jero sunaye zai farka, ya goge baki, ya dubi akwatin ya yi tsaki: "Wannan makon ba su yi komai ba." Washegari a wajen aiki da shi za a yi muhawarar abin da ya faru, kuma muryarsa ce za ta fi ta kowa tashi.